Yarinyar da Dodo Ya Cinye a Tarka

Ni dai sau uku ana cinye ni, kuma ga ni zaune ina sayar da cuku.

A kasuwar Tanut na fara jin labarin. Wata mai daddawa tana tsawata wa jikarta: “Ki leƙa rijiya da tsakar rana, dodo ya ja ki kamar yadda ya ja Asibi!” Na tsaya cak. A rugar Buzayen Tenhiya inda na girma Tata ake ce mini, amma ban manta ba, Asibi ne sunana kafin babbar yunwa. Abin da na riƙe ke nan: sunan, da wata rijiya mai gawo, da hannun mace yana miƙa ni bisa raƙumi. Hannun nan nake nema.

A Ollelewa suka ce rashin kunya ta yi wa tsohuwa, dodo ya lamushe ta ya bar munduwa. Kai, jama'a! Ni da ko wankin kaina ban iya ba lokacin? A Belbeji kuma wai aurenta ya yi, har yau ana jin dakanta a ƙarƙashin ƙasa. Kowa da ƙarin gishirinsa, amma in na ce wa ya gani, sai a ce Hawwa ta Tarka, a gabanta aka yi.

Na ce lallai. Ba a ƙirƙiro dodo a banza, wani abu ake rufewa da shi.

Shekarar da Nasara suka tsananta aikin hanya na bi ayari zuwa Tarka. Ran Juma'a da hantsi na tarar da mata suna sussuka kusa da wata rijiya mai gawo. Aka nuna mini Hawwa, wata busasshiyar dattijuwa tana sheƙe gero. Na gaishe ta da Hausata mai ɗanɗanon Buzanci. Ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo ƙwaryar furarta kusa da ita, kamar ɓarauniya ta gani.

Na ce, “Iya, labarin dodo na zo ji.”

“Me baƙuwa za ta yi da shi?”

Maƙwabciyarta Zalika ta ce, “Haba Hawwa, ba ta mana. Wa ba ki ba wa ba?”

Ta fara, murya a bushe. Yarinyar ta zo ɗibar ruwa. Yarinyar ta sunkuya. Wani baƙin abu ya miƙo hannu, ita wannan ko kuka ba ta yi ba. Na kasa kunne sosai. A duk garuruwan nan da sunan ake farawa, ita kuwa sai kewaye shi take.

Na ce, “Ba ta da suna ne?”

Zalika ta yi caraf ta ce, “Asibi.” Hawwa ta ci gaba da sheƙa.

Na san al'adar, ko a Tenhiya ana tsokanar Hausawa da ita: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko abin da ya yi kama da shi. Na ce a raina, bari in gwada ta.

“Iya, ayarinmu gobe zai tashi. Gobe wace rana ce?”

Ta ce, “Wadda ke bin Juma'a.” Asabar, ranar masu suna Asibi, ta ƙi fita daga bakinta.

Na ce, “Dodon nan, raƙumi gare shi? Ya bar taikin gero a bakin rijiya?”

Taɓarya ta tsaya a hannun Zalika. Wallahi da faɗa na zo, na tanadi maganganu masu zafi tun daga Tanut. Hawwa ta dubi tsabar da ke gabanta, ta ce a hankali, “Can inda ya kai ta... yana ba ta abinci?”

Na ce, “Yana ba ta.”

Ta gyaɗa kai. Ta kau da fuska gefe, ta turo mini ƙwaryar furar da ta janye ɗazu. Da ina baƙuwa ta ƙare mini kallo. Yanzu kuwa ta ƙi dubana sam, yadda uwa ke yi wa 'yar fari a gaban mutane. Na ɗauki ludayi, hawaye na zuba cikin furar, na sha.