Bishiyar da Ta Fi Ƙofa Tsawo

Shekara talatin ina sayar da shayi a lambun Ormsley, ban ga mai taurin kai irin Mista Brearley mai kula da lambun ba. Ɗakin lemo ne daularsa, dogon gini mai manyan tagogi tara, duk suna kallon kudu. Tunda hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi, ko ƙusa ba ka isa ka buga ba sai da takarda.

A watan Mayu ake turo bishiyoyin lemon waje cikin bahunan katako su sha rana, Oktoba a mayar da su kafin sanyi ya kashe su. To bana babbar, wadda marigayiya matarsa ta dasa, ta ƙi shiga. Ashe duk bazara kashin doki yake ɗura mata, ta ƙara taƙi biyu. Ga shi rediyo ya ce jibi ƙanƙara.

Muka kira Mis Thackray ta ofishin adana tarihi. Ta zo da takardu a hammata.

"A ɗan sassaƙe saman ƙofar," in ji Brearley.

"Mista Brearley, ƙofar nan ta girmi kakanka."

"Kakana ma an yi masa aski ai."

"To a yi wa bishiyar."

Na ce a kwantar da ita a shigar. Ya harare ni, wai saiwar za ta tsage, in koma wajen butata. Raina ya ɓaci, amma na ji tausayinsa.

Washegari da hantsi ya hau tsani, ya sa zarto ya yanke kan bishiyar, da lemo goma sha ɗaya a jiki. Muka tura ta ciki salin-alin.

Sai ga Mis Thackray ta ari tsanin, wai ta duba ko mun ƙwarzani katako. Can sama ta lura da wani abu. Ta karce fenti da farce, sai ga sakata. Ta ja, gilashin saman ƙofar ya buɗe har rufi. Masu ginin sun san bishiya na girma. Mu ne shekara da shekaru muna tsoron taɓa wurin.

Brearley ya sunkuya ya tsince lemon ɗaya bayan ɗaya cikin hularsa, ya miƙo mini.

"Maureen, ki dafa su da sukari. Marigayiya ce take yi, ni ban iya ba."