Tabon Sakiya a Cikin Baba

Ni na ɗibi jinin Baba da hannuna. A shekarar 2003 ina koyon gwajin jini a labo na wani asibiti nan Injamena, kuma duk gidanmu na unguwar Bololo ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, mai zurfi. Ban taɓa ɓoye alfaharina da hakan ba.

Baba ya daɗe da ciwon hanta, irin wanda ke zama a jini shekara da shekaru. Da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya fara tasowa, sai ƙanwarsa Gwaggo Hansatu ta kira Mudi wanzami ina wajen aiki. Na dawo na iske ƙaurin fata a tsakar gida. An gasa ƙarfe an yi wa Baba sakiya ƙarƙashin haƙarƙarin dama, layi bisa layi.

"Gwaggo, wa ya ce ku ƙona shi?"

"Ji ta, Madam Labo! Da ƙarfen nan aka cire wa kakanki shawara a hanyar Makka, tun ba a haifi likitanku ba."

"Shi ya sa bai kai Makkar ba," na ce.

Baba ya yi dariya har ya dafe ciki.

Gwajin da na yi masa sunansa CRP, alama ce da ke hauhawa a jini idan wani wuri a jiki ya kumbura yana ruruwa. Ta hau sosai. Likitan da nake aiki ƙarƙashinsa ya ɗaga rigar Baba, ya ga ƙunar ta yi ruwa.

"Lubna, wannan gyambon kaɗai yana iya ɗaga ta. Ko kuma hantar ce ta rikiɗe. Gwajin ciwon daji sai an aika jinin waje. Kafin ya dawo, warkar mini da wannan mu sake aunawa."

Ni da na zagi ƙarfen Mudi, sai ga ni ina roƙon Allah ya sa laifinsa ne. Safe da yamma nake wanke gyambon, ban bar kowa ya taɓa ba. Matan unguwa suna shigowa dubiya, suna leƙen fuskata ko za su ga hawaye. Ban ba su ba.

Gyambon ya bushe tas. Na sake ɗibar jini. Alamar ta fi ta farko hawa. Sakamakon waje ya iso da alamar ciwon daji, hoton ciki ma ya nuna ƙulli a hanta. Likita ya ce ko an fita da shi ƙasar waje, an makara.

Na iske Baba kan tabarma a inuwar darbejiya.

"Uwata, me jinin ya ce?"

"Ba ƙunar ba ce, Baba."

Ya ce, "To, Mudi ya fita daga zargi ke nan."

Gwaggo ta yafa mayafi za ta sake kiran wanzamin. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Wallahi Gwaggo, ba mai ƙara sa masa wuta ina numfashi."

Ta dube ni, ta zauna a ƙasa tana kuka.

Bayan haka kullum ina zuwa labo ina auna jinin mutane, in dawo in shafa wa Baba man kaɗe a ciki. Tabon ya kwanta sumul. Shi kaɗai ne ya warke a jikinsa.