Jan Biron Malam Munzali

Malam Uwaisu ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan makoki a Sandamu. Tun daga Daura yake neman yadda mutum zai ce "Allah ya jiƙansa" ya ɗora da "ina takardun jarrabawa", bai samu ba.

Shi ne mai raba wa malamai kwasa-kwasai a sashensu na jami'a. Shekara tara ke nan, ba don ya iya ba, sai don ranar da aka naɗa shi bai je mitin ba. Dabararsa ɗaya ce: duk kwas ɗin da kowa ya ƙi, sai ya rubuta sunan Malam Munzali, domin Munzali ba ya musu. Wannan zangon biyar ya ɗora masa, har da na 'yan ajin ƙarshe, mutum ɗari uku da sha biyu. Ranar Asabar Munzali ya rasu. Alhamis za a rufe karɓar sakamako, ɗalibin da nasa bai shiga ba kuwa ba zai tafi bautar ƙasa bana ba.

Uwaisu ya zauna a tabarma aka yi addu'a. Ya laluba ƙirjinsa ko zai ji wani nauyi, bai tarar da komai ba sai yawan takardu da kwana biyun da suka rage.

Ya'u, yayan marigayin, ya raka shi tsakar gida har bakin ɗakin matar, wadda ke takaba. Labule a sake yake.

"Maman Fadila, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam. Takardu ka zo ɗauka."

"A'a, wato, gaisuwa dai…"

"Ai ka yi gaisuwa ranar Lahadi. Yau Talata."

Wata ƙatuwar jaka ta kunno kai ta ƙasan labulen. Uwaisu ya tsuguna ya zuge. An duba takardun, ga maki da jan biro, da ƙananan lambobin nan masu tsafta da duk sashen ya sani.

"Allahu akbar. Ashe ya gama kafin…"

"Saura tamanin da biyu. Arba'in na sama jiya na yi su, da mata suka tashi sallar la'asar."

Ya'u ya juya yana kallon awaki kamar yau ya fara ganin akuya.

"Shekara shida idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu," in ji ta. "Aji yana shiga, karatun yana kansa. Takarda kuwa ni ke karanta masa, yana faɗin maki. Daga baya ya ce na fi shi tsanani, in riƙa yi kawai."

"Bai taɓa faɗa ba."

"Ya ce in ya faɗa za a ajiye shi. Kuma ba ya son ya ba ka kunya. Ya ce duk sashen kai kaɗai ka yarda da shi, kullum manyan kwasa-kwasai kake ba shi."

Uwaisu ya dubi takalminsa. Yana buƙatar wanki.

Ya san ƙa'ida: ya kwashe takardun, ya rubuta wa shugaban sashe, a kafa kwamiti. Ya san kwamitin ma, shi za a ba shugabanci, kuma mako uku zai yi kafin zaman farko.

"Zuwa jibi da safe za ki iya?"

"Zan iya. Biron ne ya ƙare."

Ya zaro nasa jan biron daga aljihun gaba, ya tura ta ƙasan labulen tare da jakar.

Ranar Alhamis a mitin ɗin sashe, shugabansu Dokta Nasrullahi ya bi sakamakon kwasa-kwasan Munzali shafi-shafi.

"Allah ya jiƙan Munzali. Har mutuwa bai makara ba. Kai mai rai, Malam Uwaisu, ina naka?"

"Yana hanya, Dokta."

"Tun bara yake hanya. To, kwasa-kwasansa biyar na zango mai zuwa, wa za ka ba?"

Uwaisu ya dubi fom ɗin, layi biyar ba suna. Ya laluba aljihu, ba biro. Ya ari na Dokta, ya rubuta sunan kansa a layin farko. Sannan ya ɗaga kai yana duba wanda bai zo mitin ba.