Rabon Saverio a Gidan Filomena

Tun da Filomena ta ji cewa wata yarinya daga Ajantina na yawo a garinsu na Italiya tana neman asalin kakan babanta, wani Saverio Lacava, tsohuwar ta nemi sukuni ta rasa. Ai ta san zancen sarai. Saverio yayan baban Filomena ne, ya hau jirgin ruwa tun ba a haife ta ba, ya bar rabonsa na gidan nan da gonar zaitun, ba wanda ya taɓa zuwa nema. Yanzu ga jininsa ta biyo sawu. In ba cin gado ba, me zai kawo ta?

Sa'ar Filomena ɗaya: a garin nan kowa sunan ubansa yake sa wa ɗan fari, shi ya sa Saverio Lacava har huɗu aka haifa a ɗan tsakanin, kuma littafin coci bai faɗi wanda ya tafi ba. Fadan cocin ya ce wa yarinyar sai dai ta tambayi tsofaffi. Tsofaffin kuwa, Filomena kaɗai ta rage da hankalinta.

Milagros, sunan yarinyar ke nan, ta zo har gida. Filomena ta rantse nasu Saverion a nan ya mutu, jaki ne ma ya harbe shi. Amma ba a barin baƙo da yunwa. Ta zuba mata taliya, ta ƙara mata, tana satar kallon hancin gidansu zaune daram a fuskar yarinya.

Milagros ta ci ta ƙoshi, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ita fa takardar haihuwar Saverio kawai take so, ta nuna ita jinin ɗan ƙasa ce, ta sami fasfon Italiya ta wuce Jamus aiki.

"To gidan fa?" in ji Filomena.

"Wane gida, Goggo?"

"A ce ya bar gida. Da zaitun."

Yarinyar ta yi dariya. "Me zan yi da gida a nan? Garin ma ba kowa."

Maganar ta soki Filomena har cikin rai. Haka 'ya'yanta suka ce kafin su tattara su koma birnin Torino. Shekara da shekaru tana gadin gida kada a ƙwace, ashe ba mai so.

Ta miƙe a fusace, ta zari gyalenta.

"Tashi, 'yar nan. Na san Saverion naku, zan faɗa wa Fada. Amma sai kin fara zagaya gonar nan da ƙafarki, kin ga abin da kike rainawa."