Farar Riga a Gindin Bango

Bangon sabon ginin ya rufta kan ƙanin Dogo birkila, rabin da ya rage kuma ya karkace, kamar ka hura ya faɗi. Dogo ya roƙi leburori har muryarsa ta dushe. Duk suka sunkuyar da kai, kowa yana tuna 'ya'yansa.

Ya rarumi shebur zai shiga shi kaɗai, sai aka riƙe masa hannu. Shugaban aikin ne, wanda suke kira Farar Riga a bayan idonsa, don ko ƙura ba ta hawa jikinsa.

"Ajiye wannan, ɗan'uwa, za ka sare shi. Da hannu za mu tona."

Ya durƙusa a gindin bangon da kowa ke gudu, ya hau janye bulo. Bai kira kowa ba. Da ɗai-ɗai leburorin suka matso.

Can ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya kafa kunne a ƙasa. Ba motsi. Dogo ya zube yana kuka.

"Tashi," in ji shugaban, jini na bin yatsunsa. "Muryarka ya sani, ba tawa ba. Sake kiransa."