Takardar Ƙarƙashin Benci

Tun ranar da maigida ya miƙa wa 'yarsa ragamar gidan motsa jikin, Kawu Ƙarfe ya san zaman lafiya ya ƙare. Shekara ashirin da biyu yana horar da masu ɗaga ƙarfe a ɗakin da ke ƙasan bene, mai tsagaggen madubi da fanka ɗaya mai kuka. Yarinyar da ya sha ɗagawa da hannu ɗaya tana ƙyalƙyala dariya, yau ita ce Manaja. Aikinta na farko kuwa shi ne manna sanarwa a ƙofa: duk mai horarwar da ba shi da takardar shaida, ko ya ci jarrabawa kafin ƙarshen wata, ko ya ajiye usur ɗinsa.

Su shida ne masu horarwa, biyar suna da takarda. Ko makaho ya san wanda aka nufa.

"Da kin kira sunana kawai, da kin huta da ɓarnar tawada," in ji Kawu, yana tsaye a bakin ofishinta.

"Ba da kai nake ba, Kawu, doka ce."

"Dokar ta taɓa ɗaga kilo ɗari?"

"A'a. Amma ranar da wani ya faɗi a ɗakinka, ita za ta rufe mu."

Daga ranar ba sa ga maciji. In ta sauko ya juya mata ƙeya, in ya gaishe ta, abin da ba ya yawan yi, ta amsa a daƙile. Ta raba wa kowane mai zuwa takardar tambayoyin lafiya, ya cike ya ba mai horar da shi. Na Kawu, ko kallo ba su ishe shi ba. Wasu ya jefa a kwando, ɗaya kuwa ya ninke ta huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar bencin da ke rawa. A cewarsa, ranar ce takarda ta fara yin amfani a gidan.

Shi nasa tsarin daban ne. Yana da allo a bango, a samansa an rubuta RAGWAYE da alli. Duk wanda ya ce baya na ciwo, ko numfashi ya ɗauke, sunansa zai kwana bakwai a allon, kowa ya shigo ya yi masa dariya. Kawu yana alfahari da cewa ɗakinsa ba a kuka. Gaskiya ne, ba a yi.

Ranar jarrabawa da safe aka turo wata siririyar mata mai tabarau. Kawu ya dube ta sama da ƙasa, ya raina ta nan take. Ta ce ya zaɓi mutum ɗaya ya horar a gabanta. Ya zaɓi Direba, wani ƙaton mai tuƙa bas da ya shekara sha ɗaya a hannunsa, wanda sunansa bai taɓa hawa allon ba. Manaja ta jingina da ƙofa, ta harɗe hannu.

Kawu ya ɗora kilo tamanin a sanda, ya ce, "Kwanta, ka nuna musu."

"Dakata," in ji mai jarrabawar. "Me ka tambaye shi game da lafiyarsa?"

Kawu ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mutumin nan na fi matarsa sanin jikinsa."

Ta juya ga Direba. "Malam, kana shan wani magani?"

Direba ya sunkuyar da kai.

"Ina sha," ya ce. "Na zuciya. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce kada in ɗaga abin da ya fi jarkar ruwa. A mota nake haɗiye shi kafin in shigo."

Ran Kawu ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka tozarta a gaban abokin gaba. "Kai ma da kai aka haɗa baki? Shekara biyu, me ya hana ka faɗa mini?"

Direba ya ɗaga ido ya dubi allon, sannan ya dube shi.

"Wa zai faɗa maka da baki, Kawu? Shi ya sa na ji daɗi da aka kawo takardar nan. Na rubuta komai, na ba ka a hannunka. Sati uku ina jira ka kira ni gefe. Da ka ci gaba da ƙara mini nauyi, sai na ce ka karanta ne, ka ga ba komai."

Manaja ta bar bakin ƙofa. Ta tako ta durƙusa, ta zaro ninkakkiyar takardar daga ƙarƙashin bencin da Direba ke zaune a kai. Ta buɗe ta, ta karkaɗe ƙurar, ta ɗaga ta daidai fuskar Kawu. Sunan Direba ne a sama, da rubutunsa manya-manya.

Kawu ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya dubi mai tabarau, ya dubi yarinyar nan da ya tsana, bai samu ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo bayanta, don sau tara a sati ukun nan ya tsaya a kan mutumin yana yi masa tsawa ya ƙara ɗaya.

Manaja ta miƙo hannu, ba don gaisuwa ba, usur take nema. Bai ba ta ba. Ya je ya sauke ƙarafan daga sandar ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowanne mazauninsa. Sannan ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a kan bencin, kusa da Direba, wanda ya matsa gefe bai ko dube shi ba.