Taku Biyu a Baya

"Ki daina jan sa a ƙasa, ba tsintsiya ba ce," in ji Baba Tsintau ta taga. "Ɗaga shi kamar yatsa biyu. Yauwa. To tafi a hankali."

Na ɗaga. Ban yi taku uku ba injin ya saki wata ƙara mai kaushi.

"Ƙusa ce," ya ce. "Amma tona."

"Baba, in ka san ƙusa ce, me zai sa in tona?"

"Don kada gobe ta sake yi miki ƙarya."

Na durƙusa da tsohon cokali na tona. Ƙusa ce kuwa, ta kwanon rufi, duk ta yi tsatsa. Na jefa ta cikin gwangwanin da ya riga ya kai rabi. Ni da nake da ɗinkin mutane jibge a kan keken ɗinki, ga ni ranar Alhamis da hantsi ina rarrafe a tsakar gida, maƙwabta na raɓawa ta gefena suna danne dariya.

Gidanmu na haya ne, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya ta ƙasa, famfo ɗaya da muke faɗa a kansa. Tagar Baba Tsintau ta kalli tsakar gidan. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar ruwa yana bin titi da injin neman ƙarfe, yana gano bututun da ƙasa ta rufe. Da ya yi ritaya sai ya sayi nasa, sanda mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne, ya koma nemo wa mutane abin da suka yar. Zobe a filin ƙwallo, sarƙa a gona, awarwaro a bakin rafi. A kira shi kawai, ya saɓa sandarsa ya tafi. Daga nan sunan ya bi shi, har yaran gidan ba su san yana da wani ba.

Ni kuwa abin da ya kai ni ga sandar nan, bakina ne.

Innarmu da ta rasu ta bar 'yan kunnen gwal guda biyu, ƙanana, masu ƙwallo. Ni ce babba, suna wajena. Wata biyar da suka wuce ƙanwata Auta tana zaune da ni, muka yi wankin barguna wuni guda. Da yamma na duba faranti a kan keken ɗinki, inda nake ajiye su, na ga ɗaya. Muka zazzage ɗaki, muka ɗaga katifa, babu. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Ɗakin nan mu biyu ne, kuma ni dai ban saci kayana ba."

Auta ta tashi. Ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta sa a jaka, ta tafi. Tun ranar ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Magana zarar bunu ce, na san wannan tun kafin in buɗe baki, amma na buɗe.

A lokacin Baba Tsintau ya ce in bari ya duba tsakar gida. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, na san inda yake. Ya dube ni ya ce to.

Sai ga shi a makon nan mai gidan ya sa an sauke yashi da buhunan siminti a ƙofa, wai ranar Asabar birkila zai zo a shafe tsakar gidan gaba ɗaya. A makon ne kuma aka sallamo Baba daga asibiti, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Kowa ya gan shi ya san sallamar ba ta warkewa ba ce. Ranar Laraba ya aiko matarsa, wadda duk gidan muke kira Gwaggo, ta kira ni.

"Tela," ya ce, "kin ga yashin can?"

"Na gani, Baba."

"In aka zuba shi, maganar da kika gaya wa yarinyar nan ta zauna kenan. Ba mai ƙaryata ta, ba mai gaskata ta."

"Baba, a faranti na ajiye su. Duka biyu. Ina iya rantsuwa."

"Kowa haka yake rantsuwa. Ban taɓa zuwa nema an nuna mini wurin da abu yake ba. Ni ba na tambayar inda aka ajiye. Me hannuwanki suke yi ranar?"

"Wanki."

"Da kika matse bargo, ya kika kai shi igiya?"

"A kafaɗa."

"Wace kafaɗa?"

Na kai hannu na shafa kunnena, daidai inda bargo yake gogawa in na saɓa shi. Ya ce in kawo ɗaya ɗan kunnen.

Gwaggo ta ce, "Likita cewa ya yi ka huta, ba ka buɗe makaranta ba."

"Ai a kwance nake. Kunne ne zai yi aiki, shi kuwa likita bai hana shi ba."

Ya sa aka jawo gadonsa jikin taga, aka tokare shi da matashin kai uku. Ya cire wayar abin kunnen don injin ya riƙa magana a fili. Sannan ya sa na ajiye ɗan kunnen a ƙasa, na riƙa wucewa da faifan a kansa. Sau goma, sau ashirin. Na sa ƙusa, na wuce. Na sa murfin kwalba, na wuce. Na maida ɗan kunnen.

"Kin ji? Ƙusa ihu take yi. Murfin kwalba surutu. Gwal magana ɗaya yake yi a hankali, ya yi shiru. Sake."

Na sake har sautin ya zauna mini a ka. Ko ina wanke kwanuka ina jin sa.

Daga nan ya sa na ɗauko zaren ɗinki da tsinkaye, na raba tsakar gidan layi goma sha biyu, daga ƙofar gida zuwa famfo. Ba a tsallake layi, ba a komawa wanda aka gama, kuma duk abin da ya yi ƙara sai an tono shi. Na ce mu fara daga wajen igiyar shanya mana, tunda can yake zargi. Ya ce mai fara nema daga inda yake zato, a tsakiya yake gajiya ya ce babu.

Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, na ji daɗin hakan. Ba na son isa wajen igiyar nan. In ba a samu ba, ƙanwata ɓarauniya ce. In an samu, ni ce na kori marainiya daga ɗakina a kan ƙarya. Gaba kura baya sayaki, kuma Allah ya sani, akwai lokutan da na fi son ta farkon. Wannan shi ne halina, ba zan ɓoye ba.

Ranar Alhamis ɗin nan layi takwas muka yi. Na tono ƙusoshi, mabuɗi biyu, zif, kan cokali, da wani tsohon kwabo da yara suka yi rububinsa. Tsakani in ruga ɗaki in taka keke, in kasa zama, in fito. Na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, na farke, na sake haɗa shi a baibai. Muryar Baba kuwa tana raguwa. Da safe kalma biyar yake yi, zuwa la'asar ta koma ɗaya.

"Ƙusa."

"Murfi."

"Wuce. A'a, tona."

Gwaggo ta leƙo da kofin ruwa a hannu ta harare ni. "Ke dai da ɗan kunnenki kun hana bawan Allah sakat."

"Gwaggo, wallahi shi ya matsa."

"Na sani. Shekara arba'in da uku nake fama. Ko ranar da aka kawo ni, fita ya yi neman bututu."

Daga ciki Baba ya ce, "Kuma na samu."

Ranar Juma'a na fito da wuri. An ƙara sauke yashi, birkila ma ya zo ya zagaya yana auna wurin da ƙafa, ya tsinka mini zare biyu. Na ɗaura. Na gaida Baba ta taga. Ya ɗaga yatsa kawai, idonsa a rufe, amma ya juyo da kunnensa wajen tsakar gida.

Layi na tara shi ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, inda ruwan wanki ke kwanciya ƙasa ta yi laushi. Na fara. Ƙusa ɗaya, na tono ba tare da an ce mini ba. Na ci gaba. Daidai gindin sandar igiyar, faifan ya wuce, injin ya yi magana ɗaya a hankali, ya yi shiru.

Sautin gwal ne. Na san shi kamar yadda na san muryar Innarmu.

Ban tsaya ba. Na ɗaga ƙafa na yi taku ɗaya, na yi na biyu, ina kaɗa sandar kamar ban ji komai ba. Bayana duk ya zama kunne, ina jiran a ce mini wani abu daga taga. Ba a ce ba. Na ce a raina bai ji ba, barci ya ɗauke shi. Na ji sanyi a zuciyata, kuma na ji kunyar sanyin. Na kai ƙarshen layin, na shiga na goma, na tono murfin kwalba biyu da himma kamar mutuniyar kirki.

Ina tsakiyar layi na goma na ji an turo tagar a hankali an rufe. Na juya. Can sai Gwaggo ta fito bakin ƙofa ba takalmi, ta dafa bango.

"Tela, ajiye sandar nan. Kira mini mazan gidan. Ya cika."

Kafin azahar an tsinke zarena duka, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Mai gidan ya ce a ɗaga aikin siminti zuwa wani makon. Mutane suka yi ta zuwa, wasu ban taɓa ganin su ba. Wata tsohuwa ta nuna wa Gwaggo zoben da ke yatsanta ta fashe da kuka. Wani direba ya ce wuni biyu Baba ya yi a rana yana nemo sarƙar 'yarsa a tasha. Ni ina ta kai ruwa ina kwashe kofuna, na kasa zama wuri ɗaya, kuma duk zirga-zirgar nan ban taka gindin sandar igiya ko sau ɗaya ba. Kewaye shi nake yi.

Washegari da yamma Auta ta zo. Ta rame. Ta gaida Gwaggo, ta yi mata ta'aziyya, ta ce mini, "Yaya, ya haƙuri," ba ta dube ni ba. Na ce, "Da godiya." Ta nemi wuri ta zauna a ƙarshen tabarma, ta jingina da sandar igiyar.

Na ɗauki tire zan shige ɗaki, Gwaggo ta ce, "Tela, zo nan. Akwai saƙonki."

Na durƙusa a gabanta. Mutane sun ragu, mata uku ne ko huɗu.

"Jiya da kina waje da sandar nan, ya motsa baki. Na kai kunne, na ɗauka ni zai yi wa magana. Na ɗauka zai ce in yafe masa, ko ya ce ga inda takardun ɗaki suke." Ta goge ido da gefen mayafi. "Sai ya ce, ce mata ta koma baya taku biyu. Shi kenan. Bai ƙara ba. Shekara arba'in da uku, kalmarsa ta ƙarshe ba tawa ba ce, taki ce. To na isar, kada ya tambaye ni."

Ashe ya ji. Ya ji sautin, kuma ya ji takuna.

Na tashi na je gaban Auta. "Matsa kaɗan."

Ta dube ni, ta matsa. Na naɗe bakin tabarmar. Ban nemi inji ba, ba na buƙatarsa. Na sa mabuɗin ɗakina na fara tono, sannan na sa farce. Ƙasar da ɗan danshi. Bai kai zurfin yatsa ba na taɓa shi, ƙwallon ya cushe da laka, ƙugiyar ta ɗan lanƙwashe. Na ɗora shi a tafin hannuna.

"Tun jiya na ji shi," na ce. "Na wuce. Da bai aiko ba, da na bari an zuba siminti a kai. Ki yafe mini, Auta. Na zalunce ki."

Ta daɗe tana kallon hannuna.

"Ni ai na san ban ɗauka ba, Yaya," ta ce. "Wata biyar ina jira ke ma ki sani ba sai an tono ba."

Na tsaya a durƙushe da hannu a buɗe. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma tashi ba. Can sai ta miƙa hannu ta jawo butar da ke gefen tabarma, ta riƙe wuyan hannuna, ta shiga zuba ruwa a hankali. Lakar tana bin tsakanin yatsuna tana komawa cikin ramin.